Ranar da Taksin Mutawakil Ta Cika

Ku gyara zama, ga ta Mutawakil nan tafe.

Duk wanda ya zauna a Nima ya san shi, domin ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta same ka. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Baki ne kawai ya yi masa yawa. Idan ya zauna a bencin shagon Basit mai aski, can saman gangare kusa da babbar hanya, sai ya ba ka labarin yadda ya tuƙa taksi daga Accra zuwa Kumasi shayin da ke cikin kofinsa bai huce ba, da yadda ya taɓa dawowa daga Madina ta nan Accra da baya da baya saboda giyar gaba ta gaji.

Taksin kuwa tana ƙofar gidansu a tsakiyar gangaren, shekara huɗu ba ta motsa ba. Ta mahaifinsa ce, marigayi Alhaji Abubakari, wanda ya rubuta a gilashin baya: Allah Ya Kai Mu. A cikinta aka kawo Salimatu, matar Mutawakil, ranar da ta tare. Da injin ya kwanta, wani makanike daga Abossey Okai ya cire shi zai gyara, sai aka ji makaniken ya tafi Libiya. Injin ma ba a sani ba ko ya bi shi. Tun daga nan wata jar kaza ta Salimatu, mai faɗan tsiya, ta gaje gurbin injin, nan take ƙwai. Amma kullum da safe Mutawakil zai fito da tsumma ya goge motar tas, ya ce mata, "Kin tashi lafiya?" Matarsa ma ba kullum yake tambayarta haka ba.

Sai aka kawo sabuwar dokar motocin haya. Mota mai lasifika ta zagaya Nima da Maamobi tana shela da Turanci, da Tuwi, da Hausa. Kafin dokar ta kankama an ba da sassauci: duk tsohuwar taksi da aka gani da ido tana ɗaukar fasinja, za a manna mata takarda ta ƙara shekara guda a hanya. Wadda kuwa aka samu kwance a bakin titi, za a shafa mata jan fenti, motar ja ta kai ta inda ake yanka ƙarfe. Mai dubawa za ta zo Nima ranar Alhamis da safe.

Salimatu tana kwashe wake da shinkafa a rumfarta ta ce, "Baban Nadia, abin ai mai sauƙi ne. A cire kwano biyu daga dangar nan, a turo ta gefen rumfa. Ta bar titi, shi ke nan."

"A turo ta? Taksi? Cikin danga kamar akuya?"

"Akuya ai tana tafiya."

"Salimatu, ke wake kika sani. Doka kuma ni na san ta. Sun ce a gani da ido. Sun ce a buɗe ciki? Ranar Alhamis da hannunsu za su manna mini takardar nan, har su ce Chiyaman, yi haƙuri mun sa ka jira."

"Chiyaman na me?"

"Na tasha."

"Wace tashar?"

"Wadda zan buɗe."

Salimatu ta miƙa wa mai saye ganyensa, ta ce, "Allah Ya kai mu."

Dabarar ta Mutawakil, in ka ji ta daga bakinsa, sai ka ce a ba shi ministan sufuri. Za a tura motar saman gangare, a sa ice a ƙarƙashin taya. Za a ɗora janaretan Basit a gurbin injin, don ƙara da hayaƙi. Fasinjoji za su zauna. Da mai dubawa ta iso, Basit zai zare icen, mota ta gangara, ta sha kwana bayan masallaci, ta ɓace. Sai Mutawakil ya taka burki, ya dawo a ƙafa yana goge gumi, ya ce ya sauke su.

Basit ya ce, "Chale, abokina, janaretana fa. In aka ɗauke wuta ina da kai a hannu?"

"Minti biyar. Kafin ka wasa reza na dawo."

Saura fasinjoji. Maƙwabta kowa ya ce yana da uzuri, har wadda ba ta fita ko'ina ta ce za ta asibiti. Nan Mutawakil ya tuna da Baba Husseini.

Ga wanda bai san tasha ba, akwai wata sana'a da ake kira shado. Mutum ne zai shiga mota ya zauna kamar matafiyi, ya rungume jaka, ya riƙa duba agogo yana tsaki. Fasinja na gaske ya leƙo ya ga saura mutum ɗaya, sai ya shiga da murna. Da ya zauna, sai shado ɗaya ya tuna zai kama ruwa, ya sulale. Saura mutum ɗaya kuma. Haka har motar ta cika da na gaske. Baba Husseini ya shekara talatin yana wannan aiki a tashar Madina kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yana da abokan aiki biyu tsofaffi kamarsa, Jamiu da Ramadan.

Mutawakil ya same su ƙarƙashin bishiya, ya yi musu alkawarin koko da ƙosai, da wake da shinkafa mai ƙwai.

Baba Husseini ya gyara hula ya ce, "Ɗana, ka zo gidan aiki. Shekara talatin, mota ba ta taɓa tashi da ni a ciki ba. Ko sau ɗaya."

"Madalla, Baba! Irinku nake nema, ƙwararru," in ji Mutawakil, domin shi idan ana magana ba saurare yake ba, jira yake a gama ya ci gaba da tasa.

Ranar Laraba da la'asar ya tuna taksi sai da rawaya a kafaɗunta huɗu, nata kuwa ya koɗe. Ya samo ragowar fentin da aka yi wa ƙofar makarantar Islamiyya, mai mai, wanda kan kwana uku bai bushe ba. Ya shafa a kafaɗu. Ya ga ya yi kyau, ya ƙara a ƙofofi. Ya ga ya ƙara kyau, ya bi har but.

Alhamis da hantsi aka tura mota. Maƙwabtan da suka ce suna da uzuri duk suka fito, don ba a barin kallo irin wannan, sai Mutawakil ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya liƙa su a bayan motar. Shi yana ciki riƙe da sitiyari yana ba da umarni. Aka kori kazar sau uku. Aka ɗaure janareta da igiyar shanya, aka rufe bonet, Basit ya ja igiya. Bu-bu-bu-bu! Hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi in ba ka sani ba sai ka rantse mota ce.

Tsofaffin uku suka shiga baya. Baba Husseini da jakar leda cike da tsummoki, Jamiu da jarida a juye, Ramadan da agogon da ya tsaya tun zamanin tsohon kuɗi. Suka fara tsaki tare.

Abin da Mutawakil bai lissafa ba shi ne, a safiyar nan duk taksin Nima sun tafi layin dubawa. Bakin hanya cike yake da mutane, kowa da kaya, kowa ya makara. Da ya yi shiru, da wataƙila sun ɗauka motar wani ce ta gida. Amma mutum ya shekara huɗu bai kira fasinja ba, ga sitiyari a hannu, ga ƙarar inji, ga jama'a. Bakin ya buɗe da kansa.

"Makola! Makola! Saura mutum ɗaya!"

Kafin ya haɗiye maganar, Hajiya Fuseina mai atamfa daga Maamobi ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, motar ta karkata gefenta.

"Alhamdu lillahi. Direba, mu je."

"Hajiya, wannan motar, ai... ta musamman ce."

"Ni ma ta musamman ce. Mu je."

A baya, Ramadan ya dubi agogonsa, ya dafa ciki, ya ce, "Direba, bari in kama ruwa." Ya fita bai waiwayo ba.

"Baba Ramadan! Ina za ka?"

Wata Maame mai kifi ta riga ta cusa kanta da baho a cinya, ruwan kifin na rawa. Jamiu ya ɗora jarida a kunne kamar waya, ya ce, "Halo? Kana ina? To ga ni nan," ya zame ta ɗaya ƙofar. Wani mai farin kaftani, za shi ɗaurin aure, ya faɗa gurbinsa yana godiya ga Allah. Bai san ƙofar ta riga ta sa masa hannu a baya ba, rawaya shar daga kafaɗa har ƙugu.

Mutawakil ya juya, murya ƙasa ƙasa. "Baba Husseini, don girman Allah, kai kam zauna."

"In zauna mota ta tashi da ni?"

"Ai don haka na kawo ku!"

Tsohon ya dube shi kamar wanda aka zaga. "Ɗana, na faɗa maka ƙarƙashin bishiya. Shado ba ya tafiya. Kana so Madina ta ji a tsufana na lalace?" Ya rungumi jakarsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai, na manta makullin ɗaki!" Ya fita da ɗingishi, ya riƙe ƙofar da ladabi don mai shigowa.

Mai shigowar mace ce doguwa, da riga mai ɗaukar ido, da allon takardu a hannu.

"Sannu direba. Ni ce Zakiya, daga ofishin dubawa. An ce mini akwai taksi a nan."

Bakin Mutawakil bai jira shi ba. "Madam! Barka da zuwa tashar Allah Ya Kai Mu. Ni ne Chiyaman. Ki tsaya nan inuwa ki ga yadda ake tashi."

"Ina zan tsaya? Ni ma wajen Makola zan bi, motarmu ta tafi da wasu. Gara in gwada ta da jikina." Ta shiga, ta rufe ƙofa.

An gaya wa Basit abu biyu: idan mota ta cika, idan Madam ta iso. Ya leƙo daga shago da injin aski a hannu, ya bar mutum a kujera an aske masa rabin kai. Ya ga ta cika. Ya ga Madam. Mutawakil ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa, a'a, a'a, a'a. Basit ya kaɗa masa shi ma, ya sa ƙafa ya shure icen.

Allah Ya Kai Mu ta yi wani ƙugi, ta motsa.

Jama'ar Nima suka sa ihu. Mata suka yi guɗa. Wani tsoho ya cire hula ya ce yau ga motar Alhaji Abubakari a hanya. Mutawakil da ya ji iska ta bugi fuskarsa, sai tsoron ya tafi yawo. Ya jingina, ya sa gwiwar hannu a taga, ya jefa giya ta biyu, ya jefa ta uku.

Madam Zakiya ta karkata kunne. "Direba, kana canja giya, amma kukan injin bai canja ba."

"Sabuwar fasaha ce, Madam. Daga Jamus. Murya ɗaya gare shi."

"Danna hon in ji."

Ya danna. Shiru. Mai tura baro yana tsakiyar hanya. Mutawakil ya zura kai waje ya ce, "Piiiip! Piiiip! Kauce, ɗan'uwa!"

"Wannan ma daga Jamus?"

"Wannan na gida ne."

Suka wuce ƙofar gida. Salimatu na tsaye da ludayi. Mutawakil ya sara mata kamar soja. Jar kazar, da tun safe take zagaye inda aka ɗauke mata ɗaki, ta ga ɗakin na wucewa, ta buɗe fiffike ta bi shi. Salimatu ta bi kaza. Masu jiran wake da shinkafa suka bi Salimatu da kwanoninsu. A can sama kuma, Basit na komawa shago aka ɗauke wuta. Mai rabin kai ya dubi madubi, ya dubi Basit, su biyun suka fito a guje, mayafin aski na kaɗawa a wuyan mutumin.

Kwanar masallaci ta zo, inda aka shirya tsayawa. Mutawakil ya dubi Madam ta madubi, ya ga tana rubutu. In ya tsaya, ya ce mata me? Ya sha kwanar. Ruwan kifi ya tashi ya sauka a cinyar mai farin kaftani.

"Inna lillahi! Maame, ɗaurin aure za ni!"

"Ka gaya wa direba, ba ni ne na tuƙi ba!"

Daga masallaci hanya takan gangara har gadar babbar gota, daga nan ta hau zuwa Maamobi. Motar ta sauka da gudu, ta haye gada, ta kama hawa da ƙarfinta. Ta hau, ta hau. Ta rage. Ta ƙara ragewa. Ta tsaya cak kamar mai tunani, inji na ta bu-bu-bu. Sai ta fara komawa da baya.

Hajiya Fuseina ta dafe ƙirji. "Direba, Makola gaba take!"

"Gajeriyar hanya ce, Hajiya. Na taɓa yin haka daga Madina."

Ta koma ta haye gada, ta ɗan hau ɓangaren Nima, ta tsaya, ta sake yin gaba. Ta ɗan taɓa Maamobi, ta dawo. Nima, Maamobi. Nima, Maamobi. Mutanen da ke bakin gada suka jeru suna bin ta da kai, hagu, dama, masu shago suka bar ciniki. Duk zuwa Mutawakil sai ya jefa giya, duk dawowa sai ya sa hannu a bayan kujera ya waiwaya kamar da gangan. Daga ƙarshe ta lafa a tsakiyar gadar, ta yi ajiyar zuciya.

Maame mai kifi ta ce, "Direba, mota na tafi ko mota na barci?"

"Cunkoso ne."

Duk suka dubi hanya. Ba kowa sai akuya ɗaya.

"Yana zuwa," in ji Mutawakil.

Cunkoson kuwa ya zo, amma a ƙafa. Basit ne a gaba yana haki. Bai ce wa kowa sannu ba, ya ɗaga bonet, ya soka wayar injin askinsa a jikin janareta, ya zaunar da mai rabin kai a kan bamba, ya ci gaba da aski. Ziiii. Kazar ta iso bayansa, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa gurbinta kusa da igiyar shanya, ta gyara zama, ta dubi jama'a da ido ɗaya.

Sai gada ta fashe da dariya. Mai kifi ta yi dariya har ta sauke baho. Hajiya Fuseina tana zagi tana share hawaye. Mai farin kaftani ya juya zai tafi, aka ga bayansa, aka sake sabuwa.

Madam Zakiya ta fito, ta zagaya gaba, ta daɗe tana kallo.

"Chiyaman."

"Na'am, Madam."

"Wane ne Bajamushen? Mai askin ko kazar?"

Ta buɗe jaka ta fito da gwangwanin jan fenti, ta girgiza shi. Ƙarar ƙwallon da ke ciki ta sa dariyar ta mutu. Kowa ya jira abin da Mutawakil zai ce, domin bai taɓa rasa na cewa ba. Ya sa tafin hannu a kan gilashin baya, wajen rubutun.

"Ta babana ce," ya ce. Shi ke nan.

Salimatu ta matso, ludayi har yanzu a hannu. "Madam, ni matarsa ce. Ƙarya kam ya yi ta, kin gani, mun gani, Maamobi ma ta gani sau shida. In hukunci ne ki ba ni shi, na fi ki sanin inda ke masa ciwo. Amma motar nan ba ta yi ƙarya ba. Shekara huɗu tana zaune lafiya, shi ya tsokane ta."

Madam ta dubi Salimatu, ta dubi takardarta. Ta danna biro.

"Lambar inji?"

"Babu," in ji Salimatu.

"Batir?"

"Yana gidan ƙanensa, ana kallon ƙwallo da shi."

"Me take ci, fetur ko gas?"

"Dawa," in ji wani daga baya.

Madam ta rufe allon. "To ni motoci aka aiko ni dubawa. Takardar sassauci ta mota ce. Jan fenti ma na mota ne. Abin da ba shi da inji, ba shi da batir, ga kaza a ciki, a takardata ba mota ba ne."

Mutawakil ya ɗago. "To mene ne, Madam?"

"Akurki. Kuma akurki ba ya zama a kan titi. Kafin azahar a cire alamar taksi daga kansa, ya shiga cikin danga. In na dawo na same shi a waje, zan tuna mota ce." Ta juya ga jama'a. "Su wa suka tura shi sama da safe?"

Babu wanda ya tura. Kowa yanzu ya zo. Hannaye suka shige aljihu, suka shige ƙarƙashin mayafi.

"Kowa ya nuna tafinsa."

Rabin Nima rawaya.

Su suka tura akurkin gida. Mutawakil ya nufi kujerar direba, Hajiya Fuseina ta riƙe masa riga. "Ina? Direba, ka ce Makola." Ta ɗora masa ƙunshin atamfarta a ka, Maame ta ɗora baho a sama, suka sa shi gaba har inda bas ɗin haya, trotro, ke tsayawa, yana tafe ruwan kifi na bin wuyansa. Salimatu ce ta riƙe sitiyari.

Yanzu in ka bi gangaren za ka ga an cire kwano biyu daga dangar. Allah Ya Kai Mu tana gefen rumfa, rawayar ta bushe. Salimatu ta ga kujeru huɗu masu laushi a inuwa ba abin zubarwa ba ne, sai masu cin wake da shinkafa suka fara shiga ciki, tana miƙa musu ta taga. Da farko mutane na jin kunya. Sai Baba Husseini ya zo karɓar alkawarinsa, ya zauna a baya da kwano, yana ci yana lumshe ido. Mai wucewa ya leƙo ya ga saura wuri, ya shiga. Tsohon ya tuna ya manta makullin ɗaki.

Mutawakil na gaba riƙe da sitiyari, kullum, cikin wankakkiyar riga. In baƙo ya zauna kusa da shi sai ya karkato.

"Ka san motar da ka shiga? Duk Accra ita kaɗai ce gwamnati ta duba ta ce doka ba ta hau kanta ba. Sau goma take cika kafin azahar."

"Tana zuwa ina?"

Daga rumfa Salimatu ta ce, "Baban Nadia, ɗaga bonet ka miƙo mini ƙwai."